Yadda Na Zama Baran Gara a Gbalahi

Samari uku ne suka zo mini daga Kalpohin a kan babura, ɗayansu jikan ƙanwata, wai za su shiga kiwon zabi, suna so in sa musu albarka. Na ce to madalla, me kuka tanada? Suka ce injin ƙyanƙyasa, da raga, da buhunan abinci. Na ce gara fa? Suka dubi juna. Jikan ƙanwar tawa ya ce, "Baba, gara kuma? Shi ne muke fesa wa magani a ɗaki." Sai na ce su kashe baburan su zauna. Abin da na gaya musu shi zan maimaita a nan, don na san irinsu suna da yawa, masu ganin kiwon zabuwa watsa hatsi ne da safe, sannan a koma inuwa a jira mai saye.

Ubana falken goro ne, kakana ma da goro ya shigo Tamale. Ni kuwa da aka zaunar da ni a kan huhu, abin da na ci ya fi abin da na sayar. Da uban nawa ya gaji, sai ya kama hannuna ya kai ni Changli wurin Baba Ɗanlami mai zabi, ya ce masa ga wannan, ko a dafa ko a gasa. Baba Ɗanlami ya dube ni sama da ƙasa, ya shiga bayan ɗaki, ya fito da wata tsohuwar tukunya mai tsaga ya ɗora mini a kai. Na shekara ban taɓa zabuwa da hannuna ba. Tukunyar nan ita ce malamata ta farko.

Ga yadda ake yi da ita. Ka nemi busasshen kashin shanu ka farfasa, ka haɗa da totuwar masara da guntayen kara, ka cusa a ciki har ya matse. Ka yayyafa ruwa, ba jiƙawa ba, danshi kawai. Da la'asar ka je kusa da suri, wato tudun nan da gara ke ginawa, ka nemi hanyarta a ƙasa, ka ɗan share, ka kife tukunyar a kai, ka rufe da ganye. Da sassafe ka ɗaga a hankali, za ka ji tana shuu a ciki. In ka bari rana ta yi zafi, gara ta koma ƙasa ta bar maka kashi. In ka girgiza, haka. Daga nan ka ɗauko a kai zuwa wurin 'yan tsakin zabi. Ɗan mai goro guda, ga tukunyar kashin shanu a kai, 'yan matan da ke zuwa ɗiban ruwa suna tambayata ko nawa ne mudu.

Garar ma iri-iri ce. Ɗan tsako na makon farko ƙaramar nan fara mai laushi ake ba shi. Akwai zago mai jan kai, wanda in ɗan tsako ya haɗiye shi sai ya kama masa maƙogwaro ya kashe shi. Ranar da na fara kawo zago ina murna tukunya ta yi nauyi, Baba Ɗanlami bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in sa yatsana a ciki in ji ko ta yi ɗumi. Ban sake kawo masa zago ba.

Ɗiban ƙwai kuma aiki ne na mai haƙuri da ɓoyo. Zabuwa ba ta yi maka ƙwai a akurki kamar kazar kirki, sai ta shige ciyawa. Ka bi ta daga nesa, ka yi kamar wani abu kake nema, don in ta gane kana kallonta sai ta yi ta yawo da kai har azahar. In ka ga gurbin, da ludayi mai dogon hannu ake ɗiba, kuma ba a kwashewa duka, ana barin biyu ko uku don ta dawo. Sannan kaza ake sa wa ƙwan ta yi kwanci. Ita zabuwa, in ka bar mata 'ya'yanta, za ta ja su cikin raɓa tun da duku-duku, ta dawo ita kaɗai tana ihu kamar wani ne ya yi mata. Ban taɓa ganin tsuntsuwar da ta haɗa wauta da tsiwa kamarta ba, kuma a kanta na ƙare rayuwata.

Zabin Baba Ɗanlami ba irin na kasuwa ba ne. Manya ne, masu farin ƙirji, ubansa ne ya fara tara su, shi kuma ya yi ta zaɓe yana tacewa har gashin kansa ya yi fari. Ranar da ya sallame ni, idonsa ya riga ya fara mutuwa, 'ya'yansa kuwa duk sun bi harkar lori, manyan motocin kaya. Ya sayar da sauran, ya ware mini mafi kyawu, kamar talatin, ya ce, "Idi, wannan iri ne, ba nama ba ne. Ka sayar da 'ya'ya, ka riƙe iyaye." Tun daga ranar, duk Juma'a in an sauko masallaci sai in biya ta Changli, shi kuma tambayarsa ɗaya ce, yaya iri.

Mu mutanen zango, baƙi a garin Dagomba, ba mu da ƙasa. Akurkinmu a Gbalahi yake, bayan garken wani dattijon Badagombe mai suna Mba Wumbei. Mu biyar ne a wurin, ba ya karɓar komai a hannunmu sai zabuwar gaisuwa in ya yi baƙo. Ni a lokacin kirkinsa kawai nake gani, ashe kowa yana cin na kowa ne. Shanunsa suna ba mu kashi, kashi yana jawo gara, gara tana tayar da 'yan tsaki, manyan zabi kuma suna wuni a gindin garke da cikin ciyawa suna tsince kaska kafin ta hau shanu, su shiga gona su rage masa fara. Har ƙadangaru suna shan ruwan kaskonmu, yadda karin magana ya faɗa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ƙarfe ya taɓa suri. Na ɗauka camfin Dagomba ne, na bi don kada a kore ni.

Masu saye kuwa, Allah ya shirye su. Mai tsire yana son wadda ta kwana biyu ba ta da lafiya, don ya karya farashi. Matan Asante da ke lodin kaya zuwa Kumasi sukan matsa ƙirjin tsuntsuwa har ta kusa suma, sannan su ce ba nama. Kukun Bature yana son ƙarama mai taushi, rabi ga ubangidansa rabi ga cikinsa. Wanda na fi so shi ne Badagomben da zai je gaida surukai. Shi babba yake nema, mai ƙara, wadda za a ji kukanta tun daga bakin gari a san ba da hannu biyu ya zo ba, kuma ba ya tsayawa dogon ciniki.

Haka muke har shekarar da aka sauke tutar Bature. A bikin 'yancin kai an ci zabi a Tamale kamar ba za a sake yin wasu ba. Sababbin ma'aikata daga kudu suka cika gari, kowa ya karɓi albashi sai ya nemi zabuwa. A cikinmu akwai wani Sule, wanda tun ranar bikin komai aka ce masa sai ya ɗaga hannu ya ce firidom, wato 'yanci da Turanci, har sunan ya bi shi. Sule Firidom ya samo kwangilar kai zabi gidajen saukar baƙi, ya bi Changli gida-gida yana aron duk kazar da ta fara kwanci, ya sa musu ƙwai. Da damina ta kankama sai ga 'yan tsaki sun cika masa wuri, ga tukwanen gara huɗu kacal. A daidai lokacin kurkunu ya fito wa Mba Wumbei a ƙafa biyu, ya kwanta a ɗaki ba ya ko leƙa ƙofa.

Wata safiya na je ɗaga tukunyata sai na ji ƙarar diga. Na tarar da Sule ya tuɓe riga, ya rushe rabin babban surin da ke kusa da rafi, yaransa suna kwasar gara da kwando.

Na ce, "Sule, Mba Wumbei ya hana fa."

Ya ce da guntun Turancinsa, "Massa, Bature kansa ya tafi da dokansa, balle dokan tsoho. Yanzu firidom ne."

"To baɗi ina za ka samu?"

"Gara ne fa, Idi. Gara yana ƙarewa? Shi ne ya ci ƙofan ɗakin uwana. Kai ka zauna da tukunya kawai, za ka tsufa da kashi a kai."

Ya haƙa har ƙasa ya zaro uwar garar, fara sol, mai kaurin babban yatsa, ya zagaya da ita a tafin hannu kowa ya gani, sannan ya jefa wa zabonsa ya haɗiye. Ni abin da na sani shi ne an hana. Dalilin hanin, ban da shi a baki.

Gaskiya a faɗe ta, a wannan shekara Sule ne mai hankali, ni ne wawa. 'Yan tsakinsa suka yi ɓul-ɓul, ya sayi keke mai ƙararrawa. Sauran ukun da suka ga haka, kowa ya aro diga. Da suka gama da garar sai suka gano ƙasar surin ma kaya ce, magina suna sonta don daɓen sababbin gidajen ma'aikata, sai aka riƙa lodinta a amalanke. Kafin kaka, duk surin da ke tsakanin garke da rafi ya koma rami. Tukunyata ta riƙa yin sauƙi a kai kullum, har na fara ɗagawa in ga kashin yadda na zuba shi. Da Mba Wumbei ya miƙe ya dogara sanda ya zagaya wurin, mun zaci zai kore mu a ranar. Ya daɗe yana kallon ramukan, ya ce a bari ruwa ya sauka tukuna, ya koma gida.

Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da ke biyo bayan ruwan farko. Shinge yakan tashi, garar nan mai fiffike, ya cika sama. Shirwa ta ci, tsattsewa ta ci, kwaɗo da ƙadangare su ci, yara su tara a kwano a soya. Da shekara ta zagayo ruwa ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, ba abin da ya tashi a wurinmu. Shirwa kuwa ba wanda ya aika mata cewa an soke walima. Ta zo kamar yadda ta saba, ta yi shawagi, ba shinge, sai ga 'yan tsakinmu a fili. Su kuma tsakin dawa kawai muke ba su, ƙafafunsu kamar tsinke, ko kaza ta yi musu kiran gudu ba sa iya kaiwa ƙarƙashinta. Wanda shirwa ta bari, sanyi ya ɗauke. Ƙyanƙyasata ta farko, ko ɗaya bai kai ga fitar da zane ba.

Sule ya zo da magani. Ya lura shirwa a kan wani babban maɗaci take sauka tana leƙenmu, sai ya bari ranar kasuwa da Mba Wumbei ya shiga gari, ya hau da adda ya sassare rassan, ya bar kututture tsaye. Na iso na tarar an gama.

Na ce, "Manyan zabi a ina za su kwana?"

Ya ce, "Zabuwa yana da fiffike, zai nemi wuri. Kai dai ba ka son ci gaba."

Wurin da suka nema shi ne ƙasa da ƙananan sabara, don zabuwa in ta saba da itace ɗaya ba ta da wayon neman wani. Tunku da kyanwar daji suka samu abin da kakanninsu ba su taɓa samu ba. Kowace safiya gashi muke tsinta. Na gwada kulle nawa a akurki, amma wanda ya taɓa kora zabuwa talatin cikin ƙofa ɗaya ya san abin da nake nufi, rabi suna shiga rabi suna tashi sama. Ita shirwa ko a jikinta, ta koma kan kututturen, har ma ta fi ganinmu da kyau tunda ba ganye.

Da zabi suka ragu sai kaska ta samu firidom ita ma. Kafin tsakiyar damina kunnuwan shanun Mba Wumbei sun cika, nonon shanu ya yi gyambo, maruƙa suka fara faɗuwa. Ya tattara garken ya aika wurin surukinsa can nesa. Ka ga yanzu ko kashin da za a cusa a tukunya babu. Sule kuwa ya riga ya karɓi wata kwangilar, ya sayar da ragowar zabinsa da keken, ya sa hannu a lori. Ya mutu yana Alhaji, kuma har ƙarshen ransa in an yi taro shi ake ba wa magana ya yi wa matasa nasiha a kan haƙuri da sana'a. Sauran ukun suka watse. Ƙauyukan kewaye kuma labari ya kai musu, da sun ga ɗan zango da kwandon zabi sai su ce ba wuri. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Na je na durƙusa gaban Mba Wumbei, a lokacin abin da ya rage mini na irin Baba Ɗanlami bai kai goma ba.

Na ce, "Mba, ni ban taɓa diga ba."

Ya ce, "Na sani. Amma gara bai san wanda ya yi ba, shanu ma bai sani ba. Ku duka baƙona ne, kai da gara. Shi ya riga ka zuwa."

Ya ce in ina son zama in zauna, amma ba sa wa kaza ƙwai, ba kifa tukunya, sai suri ya tashi ya kai gwiwarsa. Kuma tunda mutanena suka kori garar, ni zan yi mata hidima har ta dawo.

To haka na zama baran gara. In je kasuwar shanu a Tamale in tsinci busasshen kashi, in ɗauko a buhu har Gbalahi, in haɗa da kara da ruɓaɓɓen itace in jibge a bakin ramukan, in rani ya yi in yayyafa ruwa. Da can ina ɗaukar kashi don in ci abinci, yanzu ina ɗauka don ƙwaro ya ci. Abincina kuwa dillancin zabin wasu ne a bakin tasha. Na gwada ƙyanƙyasa a tsakar gidanmu a gari, da tsakin dawa da garin busasshen kifi, suka mutu a hannuna ɗaya bayan ɗaya. Iyayen suna ta yin ƙwai ina soyawa, suna tsufa ina kallo. Wata tunku ya ɗauke, wata ciwo, wata ta bi zabin daji ba ta dawo ba. Duk Juma'a Baba Ɗanlami ya ce yaya iri, in ce suna nan, ya ce nawa, in faɗa.

Sai a damina ta uku shinge daga dajin gaba ya sauka ya kama wuri. Na fara ganin ɗan tudu ja a gefen tsohon ramin rafi, sannan wani, sannan wani. Da babban ya kai, Mba Wumbei ya zo ya tsaya kusa da shi ya gwada da ƙafarsa, ya ce in kifa. A ranar abin da ya rage mini zabo ɗaya ne, tsoho, gurgu tun daga haɗuwarsa da kyanwar daji. Na riga na saya masa zabuwar kasuwa har biyu, duk ƙwan da suka yi ɓara-gurbi ne.

Da safe na ɗaga tukunya na ji ta da nauyi. Ranar Juma'a ce. Na ɗaure bakinta da tsumma, na sa zabon a kwando, na ɗauke su har Changli. Baba Ɗanlami yana zaune a kan buzu, ido ya tafi gaba ɗaya. Na ajiye masa tukunyar, ya kara kunnensa, ya daɗe yana saurare.

Ya ce, "Sun dawo."

Na ce, "Sun dawo, Baba."

"Wa zai ci?"

Na miƙa masa zabon. Ya shafa ƙirjinsa, ya shafa ƙafar da ta karye, ya tambaya ko akwai sauran mace a irin. Na ce babu. Ya riƙe shi a cinya ya buɗe tukunyar, ya bar shi ya ci har ya ƙoshi, sauran ya ce a zuba wa kajin gida. Sannan ya ce in kawo wuƙa, sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma ba zai bar wa tunku na ƙarshe ba.

Matarsa ta dafa shi tun daga azahar har la'asar, naman bai yi laushi ba. Baba Ɗanlami ba shi da haƙori, romon kawai ya sha, ya tura mini kwanon. Ya ce in cinye, kada in bar ko fata.